Azurfar Jamus

Ranar Litinin

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ƙafar nan kuma ta sassauta miki. Ina gaida Yaya da maigidanta da yaran duka. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Na koma takarda ne domin kunnenki da waya sun daina jituwa, in ce miki ina shago ki ce wa ya rasu, ga shi maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce.

Inna, Baffa ya fito da bindigar Kaka.

Ranar Juma'a ya aiko aka kira ni. Na same shi a ɗakinsa ya rame, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Ya sa aka jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado. Ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ba ya so ya bar rigima a bayansa, don haka za a sayar da bindigar a raba tsakanin gidansa da gidanmu, tunda su biyu Kaka ya bari, shi da Baba. Har na buɗe baki zan ce Allah ya saka da alheri, sai ya ƙara da cewa amma za a cire kuɗin azurfar daga rabonmu, tunda mun riga mun ci.

Kin san zuciyar Baba, kin kuma san wadda ta gaje ta. Na ji kaina ya yi zafi. Shekarata bakwai lokacin da abin ya faru, amma ban manta komai ba. Baffa ya kai wa Baba bindigar shago ya gyara mata kunama. Da ta dawo, ya duba farantan adon nan biyu na gefenta, waɗanda muke ce wa kumatu, ya ce kuncin dama ba shi ba ne, an canza. Kaka kuwa tun yana raye ba ya ambatar kumatun nan sai ya ce azurfar Jamus ce. A watan ne kuma kika sa sabon ɗan kunne, mai ƴan lilon nan da suke ƙara in kin juya kai. Baffa ya tsaya a ƙofar shago, gaban masu kawo gyaran kwaɗo da sikeli, ya ce ƙaninsa ya cire azurfar ubansu ya rataya wa matarsa a kunne, ya liƙa gwangwani a madadinta. Baba bai ajiye guduma ba ma. Abin da ya ce kawai shi ne, “Abinku yana cikin bindigarku, ban fitar da komai ba.” Daga nan bai sake tanka maganar ba har Allah ya karɓi ransa. Ke kuma kika cire ɗan kunnen kika jefa cikin gwangwanin maɓallai, shekara talatin da takwas ke nan.

Rabon bai dame ni ba, Inna, keken ɗinkina yana ciyar da ni. Abin da ba zan yarda ba shi ne a rubuta a takarda cewa an cire wani abu saboda Baba ya ci, jikokinsa su taso su karanta. Na ce wa Baffa ba a cire ko ƙwandala sai wanda ya san kan abin ya duba. Maigidana ya san wani dattijo da ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi har ya yi ritaya, kowa Mai Tabarau yake ce masa, yanzu shi ake kai wa tsofaffin kaya ya faɗi asalinsu da kimarsu. Baffa ya ce a kai, shi ba ya tsoron tabarau. Maigidana ya yi zirga-zirgar takardar izinin ɗaukarta, yanzu haka tana ɗakina a bayan kabad, naɗe da tsohon bargo.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa miki. Jiya da hantsi na warware bargon. Kuncin hagu yana nan fari tas, na dama kuwa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce a raina, to in Baffa ne da gaskiya fa? Na ɗebo toka da lemun tsami zan dirje shi, don kada baƙo ya ga kunyar ubana. Allah ya kawo maigidana, ya riƙe mini hannu ya ce in na taɓa shi, ni ce na fara yarda Baba ya yi. Na zubar da tokar, na wuni ba na yi masa magana, alhali na san shi ke da gaskiya.

Ranar Laraba za mu je. Ki sa mu a addu'a, kuma ki riƙa shan maganin nan ko da Yaya ba ta tsaya a kanki ba.

Taki har kullum,
Autarki

Ranar Alhamis

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya jiki, ya ƙafa? Direban da ya kai miki takardata ya ce ya same ki a kan tabarma kina yi wa jikokinki faɗa, na ce to alhamdu lillahi, sauƙi ya samu.

Mun je. Mai Tabarau yana zaune a saman wani bene, ƙasansa masu gyaran agogo ne. Ɗaki ne ɗan ƙarami, taga ɗaya, dogon tebur da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, littattafai har rufi. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma duk tsawon zamanmu neman na goshin yake yi. Kafin ya taɓa bindigar sai da ya sa farar safar hannu, ya buɗe ta ya leƙa ya tabbatar babu komai a ciki. Abu na farko da ya tambaya shi ne ko wani ya goge ta. Maigidana ya dube ni, ni kuma na dubi rufi. Dattijon ya ce madalla da ba a goge ba, domin yawancin masu kawo masa kaya sai sun dirje rabin kuɗinsu da toka kafin su iso.

Inna, ashe bindigar nan tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta, mu ne ba mu iya karatun ba. Ya danna wani ɗan maɓalli, itacen da ke ƙarƙashin bututun ya fita, sai ga wasu ƙananan tambura a jikin ƙarfen. Ya ba ni gilashin ƙara girma na duba da kaina. Akwai gaggafa, akwai hular sarauta da harafi a ƙarƙashinta, ya ce shaidar masu gwajin bindiga na Jamus ce, alamar an gwada ta ba ta fashe ba. Kusa da su akwai lamba biyar da ashirin da uku, wato wata na biyar na shekarar alif ɗari tara da ashirin da uku. Ta haura shekara ɗari ke nan, ta girmi Baffa da kusan shekara ashirin, kuma ta fi shi haƙora. Rubutun da ke saman bututun, wanda muna yara aka ce mana sunan wani sarki ne, ashe sunan maƙerin ne da garinsu. Ya karanta mini sau uku, harshena ya ƙi ɗauka.

Ya ce bindigar farauta ce ta masu hali, aikin hannu, ba irin ta soja da ake bugawa dubu-dubu ba. Ya nuna mini bututun mai kusurwa takwas. Ya nuna mini kunamu biyun, ya ce ta baya ana fara jan ta ne don ta sassauta ta gaba, yadda da ɗan taɓi kawai za ta tashi. Ganyayen da aka zana a ko'ina na wata bishiyar ƙasarsu ce. Na zauna ina kallon bakinsa kamar ƴar aji ɗaya, har na manta abin da ya kawo ni.

Sai ya juya ta. Ya daɗe a kan kuncin hagu, mai barewar ƙasarsu da ƙahonta ya yi rassa kamar bishiya. Ya koma kan na dama, baƙin, ya daɗe fiye da haka. Ya sauko da tabarau na goshi, wanda a ƙarshe ya gano inda yake, ya ɗora a kan na hanci. Sannan ya ce wannan kuncin ba hannun Bajamushe ba ne, daga baya aka yi shi, kuma hakan zai rage mata kuɗi.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na ji kamar an zare mini kujera. Duk tsawon shekarun nan ina ce wa kaina Baffa bai gani daidai ba, ashe ya gani. Na miƙe na ce wa maigidana ya naɗe ta mu tafi. Dattijon ya ce in zauna, ƴata, ai bai gama ba. Ya ce wanda ya yi kuncin ya kwaikwayi ganyayen har shi kansa bai rarrabe ba sai da gilashi, amma da ya zo kan dabbar sai ya zana barewar da idonsa ya sani, mai ƙaho biyu miƙaƙƙu. Ya tambaye ni ko na san mutumin. Na ce mahaifina ne, na kuma ba shi labarin duka, har da ɗan kunnen, ina magana ina share hanci da bakin mayafi. Bai katse ni ba. Da na kai kan azurfar Jamus sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi wani ɗan murmushi da ban gane masa ba, ya ce mu bar masa ita zuwa Asabar, ruwan gwajinsa ya ƙare sai ya samo wani.

Yau kwana ɗaya ke nan, na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai sau biyu. Ban gaya wa Baffa komai ba tukuna. Ban kuma tambaye ki komai ba, Inna, domin ina tsoron amsar. Duk abin da ya fito, ubana ne, ke kuma uwata ce, wannan ba ruwan gwajin da zai canza shi.

Ki gaida Yaya, ki ce mata atamfarta tana nan, ban yanka ba sai hankalina ya dawo.

Ƴarki,
Auta

Ranar Asabar

Innata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajeriya ce, ki nemi wuri ki zauna kafin Yaya ta ci gaba da karantawa.

Mun koma da safe. Mai Tabarau ya riga ya kwance kumatun biyu ya jera su a kan koren ƙyallen. Ya goga bayan kowanne a jikin wani baƙin dutse, kowanne ya bar ɗan layi. Ya ɗiga ruwan gwaji a kan layin farin kuncin, na Jamus, ruwan ya koma kore. Ya ɗiga a kan layin baƙin, na Baba, ya koma ja. Na ce to, ja ai ba alheri ba ne. Ya ce a wannan sana'ar ja shi ne alheri.

Inna, azurfar Jamus suna ne kawai. Babu azurfa a cikinta ko ƙwayar zarra. Haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da wani farin ƙarfe, ana yin cokula da shi, shi ya sa ba ya saurin yin baƙi. Kaka bai yi ƙarya ba, sunan da aka gaya masa ya faɗa, mu ne muka ji “azurfa” muka ji “Jamus” muka ɗauka ta fi kowace azurfa. Azurfar gaskiya ita ce take baƙi in ta daɗe a ajiye. Baƙin nan da na so in dirje, wanda Baffa yake nuna wa mutane duk shekara yana cewa ku ga gwangwani, shi ne shaidar Baba. A duk jikin bindigar Kaka, azurfar da ke akwai ita ce wadda Baba ya sa.

Ina cikin kuka dattijon ya ce in maimaita masa maganar da Baba ya yi a ƙofar shago. Na faɗa. Ya ɗaga gindin bindigar, ya sa farce a wani ɗan tsagi da duk muka ɗauka ado ne, sai wata ƴar ƙofa ta buɗe. Ya ce maharban ƙasar suna ajiye harsashi a nan. Ya zaro wani ƙyalle da ya sha mai ya bushe, ya warware. Tsohon kuncin ne, ya rabe biyu daidai ramin noti, ga barewarsa mai rassa, kai a ɓari ɗaya, jiki a ɗayan. Ƙyallen kuwa na gane shi, yankin shuɗin zanen nan naki ne mai zanen kifi.

Abinsu yana cikin bindigarsu. Haka ya faɗa, haka kuma yake. Dattijon ya ce irin wannan ƙarfen in ya tsufa yakan tsage wajen ɗaure noti ko a hannun wa. Ni na san sauran. Mutumin da ake kawo wa kwaɗon da ya gagari kowa ba zai iya buɗe baki ya ce abu ya karye a hannunsa ba, balle bayan an kira shi ɓarawo a gaban masu kawo masa aiki. Na ji haushinsa, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ɗan yatsa ɗaya zai sa ya buɗe ƙofar nan a gaban Baffa magana ta mutu. Amma na tuna ni ma na wuni ba na yi wa maigidana magana don ya fi ni gaskiya, sai haushin ya ragu.

Kimar da ya yi mata ba ta kai gidan bene da Baffa yake mafarki ba, za ta dai sayi tsohuwar mota mai lafiya. Canjin kuncin ya rage, samun tsohon ya mayar da wani abu. Ya rubuta komai a takarda ya buga hatimi. A layin kuncin dama ya rubuta cewa gyara ne na wani ƙwararren maƙeri, da azurfa tsantsa. Na roƙe shi ya cire “wani” ya sa sunan Baba, ya sa. Da na tambayi ladan aikinsa ya faɗi abin da bai kai ɗinkin riga biyu ba. Na auna kafaɗarsa da ido, zan ɗinka masa wadda zai daɗe yana sawa. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ya ƙara masa hasken ido.

Saura tambaya ɗaya, kuma yanzu ba na tsoron ta. Baba bai taɓa tara abin da zai sayi azurfa mai faɗin tafin hannu ba. A hoton nan naku da ke bangon ɗakina, munduwar azurfa biyu ce a hannunki. Ni da wayona ɗaya na sani, kin ce ɗayar ta faɗa rijiya. Inna, wace rijiya?

Ina jiran direba.

Autarki

Ranar Talata

Zuwa ga Innata, mai rowar magana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso. Na aika miki shafi shida kin mayar mini da layi biyar, biyu daga ciki kuma faɗa ne a kan atamfar Yaya.

Amma ukun sun ishe ni. Kin ce Baba ya shigo gida da kuncin a karye ya kasa cin abinci, ke kika zare munduwar kika ajiye masa a gwiwa, bai roƙa ba. Kin ce ragowar da ta saura ce ya yi miki ɗan kunne da ita don kada ki tashi a tutar babu. Kin ce ya hana ki faɗa, kika yi masa alkawari, kuma da kika tambaye shi dalilin canza ƙahon ya ce shi ba zai zana dabbar da bai taɓa gani ba. Yaya ta ƙara a ƙasa da rubutunta cewa nan kika yi dariya har kika ƙware. Na gode, Inna. Na gode da munduwar, na gode da shekarun da kika yi ana nuna ki da baki kina wucewa, ba ki taɓa bari mun ji kin aibata Baba ko Baffa ba. Ni da ko kwana uku ba zan iya ba.

Jiya da la'asar na kai wa Baffa. Na tafi da maganganu cike da baki, tun a mota nake jera su. Maigidana ya karanta masa takardar Mai Tabarau tun daga gaggafa har zuwa hatimi. Baffa ya ce a maimaita masa wajen azurfar Jamus, aka maimaita. Sai na sa masa ɓarin kuncin biyu a hannu. Ya shafa su, ya juya, ya laluba har bakinsu ya haɗu, ya bi rassan ƙahon da babban yatsa. Na kama hannunsa na kai kan ƴar ƙofar, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Sannan na gaya masa zancen munduwar.

Da ya yi magana, ba da ni yake ba. Ya ce, “Ya gaya mini. Wallahi ya gaya mini, na ɗauka baƙar magana ce.”

Duk abin da na jera a mota ya ɓace mini. Tsoho ne, Inna, hawaye yana bin gemunsa, ƙaninsa kuma ba ya nan balle ya roƙe shi. Na tsinci kaina ina ba shi haƙuri, ni da na je karɓar haƙuri.

Ya ce zancen cire wani abu daga rabonmu ya mutu. Ya ce bindigar ma ba za a sayar ba sai da bakinki, domin hannunki yana cikinta. Na ce zan rubuto miki. Ya ce a'a, wannan ba maganar takarda ba ce, a ƙofar shago ya faɗa gaban mutane, don haka da ƙafarsa zai zo, kuma a tara yara da jikoki su ji. Maigidana zai kawo mu ranar Asabar in Allah ya kai mu, za mu taso da sassafe saboda bayan Baffa ba ya son doguwar tafiya cikin rana. Ki ce wa Yaya ta tanadi kujera mai jingina.

Abin da za ki ce masa naki ne, ba zan koya miki ba. Roƙona ɗaya ne. Na san gwangwanin maɓallan yana cikin jakarki, na gan shi ranar da muka haɗa miki kaya. Ki fito da ƴan kunnen nan. Za ki same su sun yi baƙi, kada ki damu, yanzu mun san dalili, su kam Yaya tana iya goge su da toka. Baffa ba zai gan su ba, idon ya tafi, amma kunnensa garau yake, kuma ƴan lilon nan suna ƙara in kin juya kai. In hujin ya toshe, har yanzu da sauran kwana huɗu, Yaya tana da allura.

Sai mun iso. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana ke.

Taki,
Autarki